Ciyawar Babayo da Ragon Dada

A Ƙofar Ran, idan aka ce "ciyawar Babayo", ba sai an yi ƙarin bayani ba. Ko wanda ba ya wurin zai ba ka labarin tiryan-tiryan, kamar shi ya riƙe igiyar ragon.

Wata Juma'a ce ana gab da Babbar Sallah. Babayo, akitek mai zanen gidaje da shaguna, ya fito daga masallaci ya cafke hannun taubashinsa Mansir, ya ce lallai sai ya biyo shi gida ya ga wani abu. Abin kuwa ciyawa ce, irin koriyar nan mai laushi ta gidajen GRA, wadda ya dasa da hannunsa a tsakar gidansu na gado, ya yi makonni yana ba ta ruwa safe da yamma har ta fara haɗewa kamar darduma. Suka ratsa zaure, Babayo ya rangaɗa sallama, ya matsa gefe don baƙo ya fara gani.

Baƙo kuwa ya gani. Ragon layyar Dada, mahaifiyar Babayo, wanda aka kawo daga ruga da safiyar nan bayan maigidan ya fita, yana tsaye a tsakiyar fili yana tuƙa. Ba shi kaɗai ba. Dada ta ga ciyawar ta yi wa rago ɗaya yawa, ta aika wa maƙwabta su ma su kawo nasu. Da yake saiwar ba ta gama kama ƙasa ba, duk wanda ya fizga sai ta taso gaba ɗaya. Jar ƙasa ce kawai ta rage, sai ɗan kore-kore a gindin randa.

Dada na zaune kan tabarma tana jan carbi. Ba ta kiran sunan Babayo, don ɗan fari ne. Ta ce, "Kai wannan, Allah ya yi maka albarka. Kullum shekara sai mun yi ta neman harawa. Bana ka yi tunani."

Mansir ya jingina da bango yana dariya, ya zame a hankali har ƙasa. Sai da hawaye suka zubo masa kafin ya iya magana. "Babayo, jikan makiyaya guda, ka manta rago na cin ciyawa?"

Wanda bai san su ba zai ce ai ciyawa ce kawai. Ba ciyawa ba ce kawai.

Babayo da Mansir tare suka taso. Mahaifiyar Mansir ƙanwar mahaifin Babayo ce, ta auri wani malami a cikin gari, don haka tun suna yara tsokana halal ce a tsakaninsu. Tare suka tafi jami'a, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya, suka karanta zanen gine-gine. A aji kuwa Babayo ne gaba. Layinsa miƙaƙƙe, lissafinsa ba gyara. Shi Mansir, ko gida aka ce ya zana, sai ya ɓata rabin lokacinsa kan inda inuwa za ta faɗi da la'asar.

Da suka gama, Mansir ya ce zai koma ya yi digiri na biyu a fannin tsara filaye da shuke-shuke, abin da 'yan jami'a ke kira landiskef. Babayo ya yi dariya har da buga cinya. A majalisarsu ta ƙofar gida ya sanar cewa taubashinsa zai je ya karanto noman fulawa. Idan Mansir ya zo hutu yana bayanin yadda ake karantar gangaren ƙasa, da inda ruwan sama ke bi, da itacen da saiwarsa ke fasa gini da wanda ba ya fasawa, sai Babayo ya ce, "To, Sarkin Lambu, yaushe za a fara kawo mana latas?"

Shi kuwa Babayo ya buɗe ofishinsa a wani bene kusa da Kasuwar Muda Lawal. Aiki bai yanke masa ba, gaskiya. Jerin shaguna, gida mai ɗaki huɗu da falo, wani jerin shagunan. Ya yi aure, ya auri Lailatu, suka haifi Humaira da ƙannenta. Ba wanda ya taɓa cewa ginin Babayo ya tsage.

Sai dai ba wanda ya taɓa tsayawa ya ɗauki hoto a gabansa.

Wannan shi ne abin da ke ci masa rai. Noman fulawar nan da ya raina, sai ga shi ya zama sana'a mai rassa. Masu otal suna neman Mansir ya tsara masu harabarsu. Makarantu masu zaman kansu suna so ya yi masu filin wasa da inuwa. Wata unguwa da ruwa ke cinye wa hanya duk damina, shi aka kira ya fitar wa ruwan mafita, ya dasa itatuwa suka riƙe ƙasar. Har koyarwa yake zuwa yi jefi-jefi. Ya koma GRA, cikin gidan da ba ka ganin katangarsa don ganye. Amare da angwaye kuma suka mayar da wani wurin shaƙatawa da ya tsara wurin ɗaukar hoto, ta yadda duk katin bikin da aka kawo wa Babayo, sai ya ga aikin Mansir a bayan amarya.

Babayo ba mugu ba ne. Ranar da Mansir ya kwanta asibiti, shi ya fi kowa zarya. Amma idan mai keke ya bi da shi ta gaban wani aikin taubashin nasa, sai ya ga ya dace ya duba wayarsa. Idan aka yaba a majalisa, sai ya ce, "Itace dai Allah ke fitar da shi. Ban san inda Mansir ya shigo ba." Lailatu ta taɓa kama shi yana ƙara girman wani hoto da yatsu biyu yana neman busasshen reshe. Ta ce, "Abban Humaira, ka samu?" Ya ce shi labarai yake karantawa.

Duk wannan da sauƙi, har ranar da maganar ta shigo masa gida.

Humaira ta bi sawunsa ta karanta zanen gine-gine, kuma ta gaji miƙaƙƙen layinsa. Tun tana aji biyu Babayo ya sa kafinta ya yi ƙaramin tebur ya ajiye kusa da nasa a ofis, ta wajen taga. Bai gaya wa kowa na wane ne ba, amma kullum sai ya goge shi. Sai ga shi bayan ta gama bautar ƙasa, tana zuba masa shayi, ta ce, "Abba, ina son in yi digiri na biyu a landiskef. Baffa Mansir ya ce idan na zo hutu in riƙa zuwa wurinsa ina ganin aiki."

Babayo ya ajiye kofin. Otal-otal ɗin ya haƙura, amaren ya haƙura, yanzu kuma har 'yarsa?

Ya ce, "Uwata, wannan ai ba abin da ake zuwa jami'a a koya ba ne. Ni nan, ba tare da na karanta ba, sai in yi abin da ya fi nasa."

Humaira ta ce, "Haka ne, Abba," da irin ladabin nan da ya fi gardama ciwo.

Washegari ya je wurin masu sayar da dashe a bakin titi ya ciko keke da buhunan ciyawa. Ya auna tsakar gidan kamar zai ɗora bene. Ya kawar da turmi, ya mayar da igiyar shanya bayan ɗaki, ya tuge wani tsohon guntun itace da ya gani a kafe yana ɓata masa layi. Bai tambayi kowa ba, bai kuma gaya wa kowa dalili ba, don so yake abin ya zo wa Mansir ba zato. Guntun itacen nan kuwa turken da Dada ke ɗaure ragon layya ne tun kafin a haifi Humaira. Da aka kawo rago aka rasa turke, ga kuma ciyawa shimfiɗe daidai wurin, me Dada za ta fahimta?

Bayan Mansir ya tafi yana share hawaye, Humaira ta sami mahaifinta a tsugune yana tattara saiwoyi. Ta tsuguna ta taya shi. Can ta ce, "Abba, wallahi kai ka sa na ƙara jin lallai sai na yi karatun nan." Babayo ya ɗago, fuskarsa ta washe. Ta ƙarasa a hankali, "Na ga ashe abin sai an koya."

Ya bar ta ta tafi. Har tasha ya raka ta, kuma tun daga ranar yake gaya wa mutane cewa 'yarsa da bakinta ta ce shi ya sa ta shiga fannin. Rabin maganar na biyu bai taɓa fitowa daga bakinsa ba.

Yanzu Humaira ta dawo. Wasu ranaku tana wurin Mansir, wasu tana kan teburin nan na wajen taga, kuma shagunan Babayo sun fara samun itatuwa a gabansu. A ranakun Mansir, Babayo kan kira ta a waya ya tambayi inda ta ajiye abin da ke gabansa. Tsakar gidan ma ta sake tsara shi, bayan ta zauna da Dada da Lailatu ta ji inda kowa ke daka da inda kowa ke shanya. Turke ya koma wurinsa. Akwai 'yar ciyawa a lungu, an kewaye ta da waya. Babayo kan nuna wa baƙi wayar ya ce shawararsa ce.

Tsokana dai ba ta mutu ba. Duk shekara idan raguna suka fara shigowa gari, sai wani a majalisa ya ce, "Akitek, bana ba za a shimfiɗa mana ba ne? Nawa ragon ya rame." Sallar da ta wuce Mansir da kansa ne ya tayar da maganar, yana zaune kan benci ana fifita gawayin shayi.

Babayo ya kurɓi shayinsa, ya gyara hula, ya ce, "Ku yi dariyarku. Amma kai Sarkin Lambu, duk lambunan da ka yi a garin nan, nuna mini guda ɗaya da wanda aka yi wa ya ji daɗinsa har ya gayyato maƙwabta suka cinye."