Ranar da Sanƙira Ya Shiga Intabiyu

Har gobe ban manta da ranar da Sale Sanƙira ya kusa kashe wa 'yar Malam Idi karatu da kirari ba. Ku sababbin ma'aikata direban motar ɗaga kaya kawai kuka san shi. Mu kuwa mun san ɗaya sana'ar tasa: Asabar da Lahadi shi ke shelar sunayen manya a gidajen biki, daga Ɗorayi har Hotoro.

A lokacin ni ce ƙaramar jami'a a ɗakin gwaje-gwaje na kamfanin jimar nan tamu ta Challawa. Ga wanda bai san aikin ba, duk ruwan da aka wanke fata da shi sai ya bi ta tankunan tacewa kafin a sake shi. Namu shi ne mu ɗebo a kwalba, mu auna, mu rubuta abin da muka gani. Aiki ne mai wari, don ko 'ya'yana sai na yi wanka suke yarda su yi mini oyoyo.

Malam Idi shi ne foman sashen wanki, mutumin Jigawa, mai maganar da sai ka kasa kunne. Da aka ba ɗalibai dogon hutu na damina ya zo ƙofar ɗakina, ya gaishe ni har sau ba adadi, sannan ya ce akwai wata yarinya a gidansa da ta addabi mutane da tambaya, ko zan taimaka in riƙe ta. Na ɗauka 'yar riƙo ce. Sai da na tambayi maigadi na gane 'yar cikinsa ce, Saudatu, 'yar fari. Kun san al'ada. Ba ya kiran sunanta, ba ya yabonta, in ya zama dole sai ya ce "waccan".

Saudatu za ta shiga ajin ƙarshe na sakandare, kuma ta ɗora ido a kan wata jami'ar kimiyya ta ƙasar waje mai ba da tallafin karatu, irin wadda masu nema suka fi kujerun yawa nesa ba kusa ba. Malamin kimistiri ɗinsu ya gaya mata gaskiya: sakamako mai kyau a lissafi da fiziks kowa da shi yake zuwa. Abin da ke raba gardama shi ne aikin da ɗalibi ya yi da hannunsa, da shaidar wanda ya ga ya yi, sannan ganawa ta kwamfuta inda za su ji daga bakinsa. In ta rasa tallafin nan, albashin foma ba zai kai ta ko filin jirgi ba. Manaja ya yarda ta riƙa zuwa, bisa sharaɗin ta sa farar riga da safar hannu, kuma kada ta kusanci asid.

Tambayarta ta farko ita ce ta zama aikin. Ta ce kakarta a ƙauye tana daka 'ya'yan zogale ta zuba a ruwan rijiya in ya gurɓace, dattin ya kwanta. Ko zai yi wa namu ruwan? Na ce ban sani ba, ta gwada. Washegari sai ga ta da ƙaramin turmi a cikin buhu. Gwajin farko garin ya yi yawa, ya ruɓe a cikin bokiti, warin ya ninka na kamfanin gaba ɗaya. Na ce ta haƙura ta nemi wani abu mai tsafta. Ta ce to, ta kuma ci gaba da dakanta. Ta rage gari, ta sauya lokacin jiƙo, ta sake, ta sake. Kafin hutu ya ƙare ta gano cewa zogale na kwantar da dauɗa ruwa ya yi garau, amma sinadarin kurom da muke jima da shi kaɗan kawai yake ragewa. Yarinyar ta burge ni ƙwarai, ba na ɓoyewa.

Matsala ta taso ne da aka sa mata ranar ganawa, na zaunar da ita muna gwaji, ni ce farfesa.

"Wa ya kawo shawarar zogale?"

"Allah ne ya kawo, Anti."

"Na sani. Wa ya yi gwajin?"

"Ai ke kika yi komai, ni 'yar miƙo kwalba ce."

Raina ya ɓaci. Ni da rabona da taɓarya tun ina budurwa! Na ce mata mutanen nan ba su san kara ba, in ta ce Anti ce ta yi, Anti za su ɗauka, ni kuwa ga 'ya'ya ga ciwon gwiwa. Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ko da muka sake, amsar ba ta sauya ba. Tarbiyyar gida ce, an koya mata cewa yabon kai jahilci ne, ta kuwa haddace.

Zance ya kai kantin ma'aikata, kamar yadda kowane zance ke kaiwa. Sale ya ajiye cokali ya ce yarinya ta yi daidai, ɗan mutunci ba ya yabon kansa, shi ya sa Allah ya halicci irinsu. Aka yi dariya, ni ma na yi, don na ɗauka raha ce.

Ranar ganawar, bayan azahar, manaja ya ara mana ɗakin taro saboda can ne wuta ba ta ɗaukewa. Tagarsa na kallon filin lodi. Na zauna gefe inda kyamara ba ta kama ni. Farfesar dattijuwa ce mai tabarau, ta jefo tambayar lissafi, Saudatu ta warware ta kamar tana tsinke zogale. Sai aka zo kan aikin. Farfesa ta tambayi wanda ya fara tunaninsa, yarinya ta sunkuya, ta ce shugabarta ce ta taimaka. Na ga fuskar matar ta fara sanyi. Na murɗe gefen mayafina har ya kusa yagewa.

Can sai murya ta fasa taga. Sale ne, ya ɗora babbar riga a kan takalman aiki, abokan aikinsa sun yi masa rakiya.

"Saudatu 'yar Idi, gagarau mai turmi! Wadda ta taɓa kogin Challawa ya koma ruwan gora! Kifi ya dawo yana godiya! Turawa, a ba da kujera!"

Na miƙe in rufe taga, ta ƙi rufuwa. Farfesa ta tambaya ko gobara ce. Dole Saudatu ta fassara mata, kalma bayan kalma, kamar ƙasa ta tsage ta shige. Matar ta cire tabarau tana dariya, ta ce shin da gaske ta tsarkake kogi? Nan fa yarinya ta ɗago. Kunya tana da ita, amma ba ta iya jin an ɓata awo. Ta ce ba kogi ba ne, bokiti ne, kuma kurom ɗin yana nan bai tafi ba. Farfesa ta gyara zama ta ce to wa ya gano haka? Saudatu ta juyo ta kalle ni. Na san sunana za ta sake kira.

Ashe Malam Idi ya fito korar su Sale, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin taron. Ba ya jin Turanci, amma ya san 'yarsa, ya san wannan sunkuyon.

"Saudatu," ya ce.

Har Sale a waje ya haɗiye sauran kirarinsa. Ban taɓa jin sunan nan a bakin mutumin ba, ita ma daga ganin idonta ba ta taɓa ji ba.

"Rage abin da aka yi ma ƙarya ne. In ke kika yi, ki ce ke kika yi."

Ya juya ya fice da sauri kamar wanda ya yi abin kunya a kasuwa.

Ta share ido da gefen hijabi, ta fuskanci kwamfuta, ta ce ita ce. Daga nan baki ya buɗe. Ta faɗi rijiyar kakarta, ta faɗi bokitin da ya ruɓe, ta faɗi abin da har yanzu ba ta gane ba da yadda take son ta gwada shi. Har ta gaya wa farfesa cewa ni na ce ta haƙura ta ƙi. Gaskiya ne, amma wa ya aike ta?

Bayan 'yan watanni aka ɗauke ta, da tallafi cikakke. Sale har yau yana faɗa a kantin cewa kirarinsa ne ya ratsa teku, ba mai iya musa masa.

Abin da na ɗauka daga ranar nan shi nake gaya wa duk wanda aka kawo mini ɗakin gwaji, da duk ɗalibin da ya zo neman shawara. Aikinmu faɗin abin da ya faru ne. Sanƙira ƙari yake yi, mai kunya ragi take yi, kuma dukansu awo suke ɓatawa. Ka yi aikin da hannunka, ka faɗi inda ya yi da inda ya ƙi, ka kuma yarda ka ce kai ne.

Malam Idi kuwa ya koma gidan jiya, bai ƙara kiran sunan ba. Duk ranar da ya ji ta bugo mini waya sai ya zo ƙofar ɗakina ya yi ta gaisuwa, sannan ya tambaya ko waccan ta ce wani abu. Nakan tsokane shi in ce wace waccan? Sai ya kalli takalminsa ya ce, "Waccan dai, Malama. Wadda ta yi."