Irin Yakuwar da Aka Ba Ni Amana a Karantina

A lokacin da wannan abu ya faru ban daɗe da kammala digiri na uku ba, kuma gaskiya ina ji da kaina. In aka kira ni dakta sai in yi kamar ban ji ba, don a maimaita. Na samu gurbin bincike na shekara biyu a wata jami'a da ke Jidda, cikin wani ayari da ke nazarin yadda sauyin yanayi ke taɓa abinci da lafiyar al'ummomin da suka riƙe cimar kakanninsu. Abokan aikina wasu suka nufi mutanen kan duwatsu, wasu masuntan bakin teku. Ni kuwa da yake Bahaushiya ce, sai aka tura ni wurin 'yan'uwanmu haifaffun Jidda, jikokin alhazan da suka zo a ƙasa suka zauna. Na ɗauka aikin bai wuce in yi tambaya, in rubuta, in auna ba.

A unguwar Karantina na haɗu da tsohuwar da zan kira Hajja kawai. Hausarta rabi Larabci ce, tana ce mini daktora, tana yi wa littafina dariya, wai ba ta taɓa ganin mai tambayar miya da biro a hannu ba. Ranar da ta yarda da ni ta ja ni saman rufin gidanta, sai ga yakuwa jere cikin gwangwanayen madara da tsofaffin bokitai, kore shar, a ranar da ko takalmi ba ya hana ƙafa jin zafin siminti. Ta ce kakarta ce ta zo da irin, ƙulle a bakin zane, tun daga ƙasar Hausa. Daga kakar ya koma hannun mahaifiyarta, daga nan ya zo hannunta, kuma da ruwan alwala suke ba shi, mai ɗan gishiri-gishiri. Matan unguwa masu hawan jini kan hau su tsinki ganye, ba ta taɓa hana kowa ba. Doka ɗaya take da ita: in ta girbe gurguzu, wato 'ya'yan yakuwar, sai ta raba biyu, rabi na shuka, rabi ta ƙulle a tsumma ta rataye, ba a kwance shi sai sabo ya shigo. Na ga a fili cewa wannan yakuwa ta koyi jure zafin da ke ƙona ta gida, na roƙi Hajja ɗan iri kaɗan don gwaji, ta zuba mini a tafin hannu.

Bayan 'yan watanni aka wayi gari an bi gidajen unguwar da jan fenti, an rubuta izala, alamar rusau ke nan. Yakuwar da ke saman rufi ba ta kai ga yin 'ya'ya ba, kuma babu inda za a kai bokitai arba'in. Hajja ta kira ni ana ta ɗaure kaya, ta ciro ƙullin nan daga ƙusa ta damƙa mini. Ta ce ni ce mai gidan da ba za a rushe ba, kuma ta ji a wurin aikinmu akwai ɗakunan sanyi, in riƙe mata shi amana har ta zauna. Na karɓa da hannu biyu, har da rantsuwar da ba a tambaye ni ba.

Abin da Hajja ba ta sani ba shi ne, gwajinmu sai an niƙa iri ya zama gari. Sakamakon farko ya fito da kyau, har shugabar ayarinmu ta ce wannan abin a buga ne, amma sai an maimaita, ga wa'adin rahoto ya matso. Irin da ta zuba mini a tafin hannu ya ƙare. Na zauna ina kallon ƙullin, na ce wa raina cokali ɗaya ba zai rage komai ba, kuma ai don amfanin mutanenta nake yi. Na kwance. Bayan mako guda na sake kwancewa. Da na ga saura bai fi cokali biyu ba sai tsoro ya kama ni, na juye shi a leda na sa a aljihun gaban mota, da niyyar in kai mata kafin in cinye sauran. A ranar aka ce mu tafi kan duwatsu taya abokan aiki, muka yi kwana goma, motata tana ajiye a fili tsakiyar bazara. Da na dawo, ledar ta yi laushi ta manne da gurguzun. Ni da nake rubuta shafi-shafi a kan illar zafi, ni ce na gasa irin a mota.

Duk da haka na mayar da shi tsummansa na ƙulle, na kai mata, a gidan 'yarta da ke unguwar Mahjar inda ta koma. Na tarar ta riga ta jera gwangwanaye shida a baranda, ta cika su da ƙasa. Ta auna ƙullin a hannunta, ta dube ni, na yi sauri na ce ƙwari ne suka ci wasu na zubar. Ta yi bisimilla ta shuka. Mako biyu, shiru. Wata guda, shiru. Duk Juma'a bayan la'asar ina zuwa, sai ta ja ni baranda ta tona da yatsa ta nuna mini iri kwance yadda ta sa shi. Da farko ta ce ƙasar ce, aka canza. Daga baya ta ce hannunta ne ya tsufa, ko kuwa irin ne ya yi fushi da aka raba shi da Karantina. Ina tsaye ina jin tana ɗora wa kanta laifina. 'Yarta, wadda take jin Hausa amma ba ta iya mayarwa sosai, ta gaya mini da Larabci cewa mama ta rage cin abinci, wai ganyen kasuwa ba ya mata ɗanɗano.

Babu abin da ban yi ba. Na ɗebi 'yan ƙwayoyi na kai ɗakin gwaji, na jiƙa, na lallaɓa, ko ɗaya bai tsaga ba. Na bi matan unguwar, wasu sun koma Makka, wasu an mayar da su gida, waɗanda na samu kuwa duk amsarsu ɗaya: wa zai ajiye iri alhali rufin Hajja na nan? Na koma Karantina ko wani tsiro ya fito a kango, na tarar da fili fetal, ko lungunsu ban gane ba. Na sa aka kawo mini gurguzu daga gida, muka shuka, ya tsiro, zafi ya kwantar da shi, sai guda ɗaya da ta rayu. Hajja ta tsinki ganye ta tauna, ta sa mini albarka, ta ce amma wannan baƙuwa ce.

A ranar na faɗa mata gaskiya duka, ina kuka kamar yarinya. Ta dubi gwangwanayen. Sannan ta tambaye ni ko na'urar tamu ta ga wani abin kirki a cikin irin, na ce ta gani, har za a buga a takarda. Ta gyaɗa kai, ta tambaya ko takardar ana shuka ta. Ta ce halas, wato shi ke nan, ta yafe mini, abin da ke damunta kawai shi ne abin da za ta gaya wa mahaifiyarta in sun haɗu, tunda a hannunta abin ya yanke. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Wa'adina ya cika, iƙamata, wato takardar izinin zama, ta ƙare, na dawo gida. An buga takardar, ana yaba mini, yakuwar Hajja tana ciki a layi ɗaya da lamba a gefenta. Na koyi cewa abin da muke kira samfuri, a wurin mai shi gado ne, kuma ba kowace ɓarna ce ilimi ke iya gyarawa ba. 'Yan'uwana masu bincike, in kuka shiga gidajen tsofaffinmu, ku gaya musu abin da gwajinku zai yi wa kayansu tun kafin ku miƙa hannu, kuma kada wa'adin rahoto ya sa ku kwance ƙullin da ba naku ba. In kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, kada ku bar mai gaskiya yana zargin hannunsa. Kwanan baya 'yar Hajja ta aiko mini da saƙo, ta ce sun zubar da gwangwanaye biyar, amma mama ta hana a taɓa na shida, kullum in ta yi alwala sai ta juye masa ruwan.