Turancin Mai Gyaran Rediyo

A layinsu Farfesa ake kiransa, ko da yake iyakar karatunsa aji uku ne. Mai gyaran rediyo ne. Yana cikin lalubar wayoyi da ƙarfen narka dalma kunnensa na kan labaran Turanci, yana tsintar manyan kalmomi, irin waɗanda sai an ja numfashi kafin a kai ƙarshensu. Ma'ana kuwa cinta yake yi: in mai karanta labarai ya faɗi kalma da fushi, zagi ce, in da sanyin murya, yabo. Da su yake yi wa 'ya'yansa faɗa, da su yake neman ragi wurin mai nama. In ya kaɗaita yakan yi wa kansa dariya, don ya san rabinsu ko a mafarki bai san inda suka dosa ba.

Da wani ƙullutu ya fito wa matarsa a wuya, aka yanki ɗan kaɗan aka kai gwaji. Ranar karɓar sakamako ya rakata asibiti, ko a can ma bakin bai daina halinsa ba. Suna shiga ya zuba wa likita gaisuwar Turanci mai tsawo. Likitar, wata matashiya, ta ɗauka ta samu ɗan gari, sai ta juye harshe zuwa Turanci gaba ɗaya. Ta yi bayani da sauri, ta dire a kan wata 'yar gajeruwar kalma, ta maimaita ta.

Dogaye ya saba tarawa, wannan bai taɓa jin ta ba. Muryar likitar kuma ba fushi ba sanyi. Sai ya haɗe gira ya gyaɗa kai a hankali, yadda masana suke yi.

Matar ba likita take kallo ba, fuskarsa take karantawa. Ta ga girar nan a haɗe, ta kama gefen kujera. A hankali ta ce, "Baban yara, kada ka ɓoye mini. Mutuwa zan yi?"

Kunya ta kama shi, tsoro ya fi ta ƙarfi. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Likita, ki yi haƙuri, ban ji komai ba. Faɗa mana da Hausa."

"Baba, ai ba mugun ƙari ba ne. Za a cire, ta warke sarai."

Matar ta fashe da kuka, tana yi tana dukan kafaɗarsa da jakarta. Bai kauce ba.