Mai Tallan Gumin Wasu

Na zo otal ɗin nan duba ɗakin taro don liyafar ritayar babanmu, amma wani mutum ya hana idona sakat. Kwat ɗinsa ta sha guga, takalmi sai ƙyalli, turarensa yana riga shi isa ko'ina. Waya biyu ce a hannunsa, kuma tun zamana ba wadda ta yi ƙara.

Can gefe wata mai ƙawata wurin taro tana ta shirya tebura, gumi har cikin ido. Shi kuwa sai kewaya ta yake, wai shi mai kallo. Tana juya baya don ɗauko furanni, sai ya sa ɗan yatsa ya kwantar da katin da ke ɗauke da lambar wayarta, ya ɗauki hoton teburin, ya maida katin tsaye.

Ina jin wayar nan cike take da wahalar mutane. Wataƙila ko tsintsiya bai mallaka ba, bakinsa ne jarinsa.

Yanzu ga shi ya rusuna gaban wata dattijuwa da ta zo neman wanda zai shirya mata taro.

"Mama, abinci, kujeru, lasifika, kwalliya, duk mu ne," in ji shi. "Ke dai ki kwanta ki yi barcinki. Duba aikinmu na makon jiya."

Ta gyara tabarau, tana gyaɗa kai, tana sa masa albarka. Teburin da take yabawa a waya kuwa yana bayanta, ko furanninsa ba a gama jerawa ba.

Allah Ya sa ta waiwaya.