Ranar da Surukina Ya Kunna Yaƙin Ƙarafa

Mu biyar ne a falonsu da ke unguwar Bin Omran ranar Juma'a bayan la'asar: ni, da 'yata mai jego, da jaririyarta, da mijinta mai karatun digiri, da abokinsa ɗan Jos da ke aikin asibiti. Wankan jego ya kawo ni Doha, amma mahaifin 'yata ya ce in duba zamansu, in bai yi mini ba in komo da ita gida.

Surukina ya samo faifai a wani shago a unguwar Al Asmakh, kashi na biyu na wani katun ɗin Japan da ya kalla yana yaro, inda mutane ke shiga cikin manyan ƙarafa suna yaƙi. Kunyata ta hana shi hawa kujera, a ƙasa ya zauna ya kunna.

Abokin ya yi ta tsaki. "Malam, wannan ka yi shekaru kana jira? Ko a Japan ba wanda ya kalla. Khalas, ya isa haka, kashe."

"Bari ya ƙare," in ji surukina, murya ƙasa-ƙasa.

Na zuba masa ido. Magidanci guda yana kallon wasan yara. A raina har na fara haɗa kayan 'yata.

Ana tsakiyar yaƙin jaririyar ta tsala kuka. 'Yata ta yunƙura da ƙyar. Sai surukina ya kashe talabijin, ya ce ta zauna, ya ɗauki yarinyar yana jijjiga ta. 'Yar fari, a gabana! A garinmu uba ba ya haka, kuma har yau ban ce daidai ba ne. Amma bai koma kan faifan ba.

Washegari da safe na sa aka kira mini mahaifin 'yata a waya, na ce masa ni kaɗai zan dawo.