Baba Hita, Ka Yafe Mana

Kowace safiya yakan share gaban rumfarsa, ya jawo tiyo, ya jera bokitai, ya zauna jiran motocin da ke zafi. Shekara talatin yana wanke lagireto. In ya zubar da tsohon ruwa ya ɗura sabo, sai ya ta da inji, ya murɗa hita har ƙarshe, ya zauna cikin motar, tafin hannunsa a bakin iskar, gumi na zuba. Shi ya sa muka laƙaba masa Baba Hita, kuma ba don yabo ba.

Direban motar asibiti ya fi kowa jin kunyar wannan suna a yau. Wata rana ya tarar da shi haka cikin motarsa, ya daka masa tsawa gaban jama'a: "Tsoho, wanki na kawo ko gashi?"

"Ɗana, hita ma tana da 'yar lagiretonta a ciki," in ji Baba. "In ba a buɗe ta ba, tsatsa na nan maƙale, za ta dawo."

Direban ya kashe hitar, ya ja motarsa. Muka yi dariya.

Bayan mako uku, da tsakar rana, direban na kan hanya, ga mai naƙuda a baya, allurar zafin injin ta haye ja. Ya rasa wanda zai kira a waya sai tsohon da ya kunyata. Ko sallamar kirki bai yi ba, ya faɗa masa abin da ya faru.

"Kunna hita har ƙarshe," in ji Baba. "Za ta janye zafin injin. Sauke gilasai, ka tafi a hankali."

Suka isa, matar ta sauka lafiya.

Washegari direban ya kawo motar, kansa a sunkuye, ya shirya kalaman ban haƙuri. Baba bai bari ya fara ba. "Me aka samu?" kawai ya tambaya, ya durƙusa ya kwance tiyon lagireto. Ruwa ja wur da tsatsa ya kwararo.

Baba, kai ne ka sha zafi don motocinmu su yi sanyi, muka saka maka da ba'a. Yanzu da ciwon gwiwa ya sa ka ajiye aiki, mun gode, ka yafe mana. Masu tasowa, ku je ku gaishe shi, ku koyi aikin da ba a gaggawa.