Sabulun Gwaggo

Shekarar da aka ba ni ajin koya wa mata haɗa sabulu a Isa, cikin waɗanda suka fara zuwa har da gwaggona, yayar mahaifina. Daga Gangara ta dawo gidanmu bayan rasuwar mijinta, ta ce ita ba ta iya zaman jiran a miƙo mata. Ita ce babba a ajin. Tabarmar gaba take zama, tana ce mini Malama da wata murya da ba ta kai yabo ba.

Komai ta iya da wuri, sai dai ba ta yarda da sikeli ba. Da ido take zuba soda, kamar gishiri a miya. Sabulunta yakan fito fari tas, ga ƙamshi, ga yanka daidai, amma wanda ya wanke hannu da shi sai ya yini yana hura yatsu. Gwaggo kuwa akwai kyauta. Ta raba wa maƙwabta, ta ba Bafulatanar da ke kawo mana nono, ta aika wa maigidana. Kowa ya yi godiya. Maigidana ya koma wanka da ruwa zalla.

A horon da aka yi mana a Sakkwato an ce idan za a gyara wa ɗalibi, a fara da yabo, a sa gyaran a tsakiya, a rufe da yabo. Na gwada. Na ce ƙamshi ya yi, soda ta ɗan so ta yi yawa, yanka kuwa ba a magana. Gwaggo ta ɗauki na farko da na ƙarshe, ta bar mini na tsakiya. Washegari ta cika kwali, ta ce kasuwar Bafarawa za ta kai.

Na jira mata suka watse, na durƙusa gabanta.

"Gwaggo, za ni gaya miki gaskiya. Sabulun ga ba ya zuwa kasuwa. Yana cin hannu."

Ta tuna mini cewa ita ta goye ni, ita ta yi mini wanka da sabulun salo, ga ni kuma da fatata. Na ce haka ne. Na ɗebo ruwa a kwano, na wanke hannuna da sabulunta, na ajiye hannun a kan tabarma. Muka zauna muna kallonsa yana yin ja. Can sai ta juya nata tafin, duk ya tsattsage.

"Ni na zaci tsufa ne," in ji ta.

Na ce mata duk ajin babu mai juya haɗi kamarta, 'yan mata kan gaji su bar shi da gudaji, ita kuwa ba ta sakin muciya sai ya yi sumul. Idan ta auna soda, nata za ni riƙa nuna wa sababbi. Ba daɗin baki na yi mata ba, ita ma ta sani. Duk da haka ta miƙe ba sallama, ta kai ƙarata wurin mahaifina. Shi kuma ya ce ba ya shiga shari'ar sabulu.

Ta ɗan ƙaurace wa ajin. Ranar da ta dawo, can baya ta zauna, ta sa matar da ke kusa da ita ta nuna mata yadda ake karanta sikeli. Ni ba ta dube ni ba. Da haɗin da ta yi ya bushe na gwada, lafiya lau, na ɗaga shi na nuna wa aji. Gwaggo tana gyaran ɗankwali kamar ba da ita ake ba.

Wancan kwalin kuwa masu gyaran babur na bakin tasha ta ba, suna wanke baƙin mai da shi. Da ya ƙare suka aiko ta ƙara yi musu irinsa. Ta ce ta daina, su nemi kananzir.